Kwikwiyo, kyanwa mai jego da tsohon kare a gida ɗaya: amsa ga Hajiya daga Aboabo

Wata Hajiya daga Aboabo, a nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Ɗanta ya kawo kwikwiyo mai kimanin mako 7 don ya girma ya taya tsohon karensu gadin gida da tumakin da ke ɗaure a baya. Tsohon karen ya kai shekara 6, ba a taɓa yi masa allura ba domin bai taɓa kwanciya ciwo ba. Kyanwarta kuma ta haifi 'ya'ya huɗu mako 3 da suka wuce. Gidan na yawa ne, jikokinta da 'ya'yan 'yan haya a tsakar gida suke wuni. Maƙwabcinta ya ce mata allura ta karnukan Turawa ce, karen gida ba ya buƙatarta. Tana son sanin abin da ya zama dole da abin da za a iya jinkirtawa, tunda kuɗin ba su da yawa.

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya raya jikoki, ya ƙara wa gida albarka. Na daɗe ina aikin likitan dabbobi a garin nan, kuma maganar maƙwabcinki na sha jin ta daga bakin mutane masu hankali, saboda haka ba zan yi watsi da ita ba sai na auna ta. Akwai ƙanshin gaskiya a cikinta: karen gida ya fi wanda aka shigo da irinsa daga waje jure zafin rana da cizon kaska, kuma ba shi da tsirfa wajen abinci. Sai dai karen da maƙwabcinki yake gani yana yawo garau a layi shi ne wanda ya tsira. 'Yan'uwansa da aka haife su tare, waɗanda gudawa da tsutsar ciki suka kwashe tun ba su iya haushi ba, babu wanda ya ƙidaya su. Idan kuma aka zo kan cutar haukan kare, to babu wani juriya a wurin, karen Aboabo da karen da aka sauke daga jirgi mutuwa ɗaya suke yi, kuma cizonsu ɗaya ne.

Da wannan cuta zan fara, domin yaran tsakar gidanki ta shafa kafin ta shafi dabbobin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin huɗu cikin goma na waɗanda dabbar da ake zargi take cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna a gidan yawa. Yaro shi ne mai jan wutsiya, shi ne gajere wanda haƙori ke samu a fuska ko a wuya, kuma shi ne mai ɓoye rauni don tsoron duka. Ƙwayar cutar a cikin yawun dabba take. Idan ta shiga ta rauni sai ta bi jijiya a hankali tana haurawa zuwa ƙwaƙwalwa, tafiyar da kan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ta yadda raunin zai warke, a manta ma an yi cizon. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita, ruwa ya gagare shi haɗiya, to magana ta ƙare; ko asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi ko asibitin Ingila, abin da ya rage shi ne a rage masa wahala.

Saboda haka tsohon kare a yi masa allurar haukan kare cikin makon nan, kada a jira komai. Uwar kyanwa ma haka, domin kyanwa tana kamuwa kuma tana bayarwa, ta cizo ko ta yakushi da farcen da ta lasa. Kwikwiyo da 'ya'yan kyanwa sai sun cika mako 12, wato kimanin wata 3. Daga nan a riƙa sabuntawa kowace shekara, kamar yadda ake yi a Ghana. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wani yanki allura, cutar kan rasa inda za ta taka ta tsallaka, don haka in kin ja hankalin maƙwabcin nan ya kawo nasa, kin taimaki layinku gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, ranar da Louis Pasteur, Bafaranshen da ya fara gwada rigakafinta a kan wani yaro a 1885, ya rasu a 1895. A daidai wannan lokaci jami'an lafiyar dabbobi kan fito gangamin allura a unguwanni, sau da yawa kyauta ko da rangwame. In ya zo ki amfana da shi, amma kada ki ajiye kare ba allura kina jiran Satumba.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, kare ko kyanwa ta ciji yaro, abu na farko shi ne a kai shi bakin famfo a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a duba agogo, domin minti 15 sun fi yadda mutum yake zato tsawo. Daga nan sai asibitin mutane a ranar, a fara jerin alluran bayan cizo, a kuma cika su. Na ga raunin da aka cusa wa gashin karen da ya yi cizon, na ga wanda aka shafa wa toka da wanda aka ɗaure tamau da tsumma. Duk wannan rufe ƙwayar cuta ne a ciki. Shi kuma karen kada a kashe shi a jefar a kwata, kada a sayar ko a bayar da shi. A kulle shi, a sanar da jami'in dabbobi, a sa masa ido kwana 10, domin karen da yake da cutar a yawunsa ranar cizo ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ba. Ki kuma gargaɗi ɗanki da abu guda: ba kowane mahaukacin kare ne yake hargowa ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a maƙogwaro, sai mai shi ya zura hannu don ya ciro ƙashin. Kada kowa ya sa hannu a bakin kare mai irin wannan hali. Tumakinki ma suna kamuwa idan aka cije su, har ragon layya.

Yanzu kwikwiyo, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar kuɗi da dabba tare. Allurar da ake yi masa haɗi ce, a kan kati za ki ga an rubuta haruffa kamar DHLPP. Tana kare shi daga farbo, mai sa amai da gudawar jini. Da distamfa, mai farawa da kwantsa da majina ta ƙare da farfaɗiya. Da ciwon hanta na karnuka. Da wata mura. Da kuma cutar fitsarin ɓera, wadda ke lalata ƙoda da hanta, take kuma kama mutane. Wannan ta ƙarshe ba abin rainawa ba ce a Aboabo, inda da damina rafi kan cika ya haɗe da ruwan kwata ya shigo gidaje. Ana fara allurar daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4, har sai ya cika mako 16.

Mutane suna tambayata dalilin maimaitawa, wasu ma suna zargin dabara ce ta karɓar kuɗi. Ga yadda abin yake. A ranar farko ta rayuwarsa kwikwiyo yana shan dakashin uwarsa, kuma a cikin dakashin nan akwai garkuwar da uwar ta ara masa. Aron yana kare shi na 'yan makonni, amma muddin yana da ƙarfi a jini, yana kashe allurarmu kamar yadda yake kashe cuta, domin bai san bambancinsu ba. Garkuwar aron tana raguwa a hankali, wani kwikwiyon tasa ta ƙare a mako 7, wani sai mako 12 ko fiye, kuma da ido babu likitan da zai gane wanne ne wanne, ko da 'yan ciki ɗaya ne. Akwai kuma 'yan kwanaki masu hatsari da garkuwar ta yi rauni har ba ta iya tare cuta, amma da sauran ƙarfinta na ɓata allura. Shi ya sa muke ta ƙwanƙwasa ƙofa har mu dace da ranar da aka buɗe. A mako 16 kusan kowane kwikwiyo ƙofarsa a buɗe take, don haka allurar ƙarshe ita ce mafi daraja a jerin, ita ce kuma wadda aka fi tsallakewa, saboda a lokacin kwikwiyo ya yi ɓulɓul yana guje-guje, kowa ya ce ai ya wuce wurin.

Kwanakin baya wani saurayi ya shigo mini da kwikwiyo ɗan wata 3 a cikin kwalin taliya, an shimfiɗa masa tsohon zane. Tun kafin ya buɗe kwalin na san abin da ke ciki, domin gudawar farbo tana da wani ƙarni na ruɓaɓɓen jini wanda hanci ba ya mantawa. Na ɗaga fatar ƙeyarsa na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya ƙare. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat. Saurayin ya miƙo mini kati yana cewa wanda ya sayar masa ya rantse an gama allura. Layi ɗaya ne a katin, na mako 6. Muka yi ta ƙarin ruwa, kuɗin da ya kashe a kwana biyu ya ninka na sauran alluran da aka tsallake, a dare na biyu kwikwiyon ya mutu. Bayan mako guda saurayin ya dawo yana neman shawarar sayen wani, zai kuma ajiye shi a wuri guda. Na hana shi, domin ƙwayar farbo, wadda duniya ta fara sani a 1978, tana zama da rai a ƙasa watanni masu yawa, a inuwa ma har shekara. A kan siminti ana kashe ta da bilic, kashi 1 a cikin kashi 30 na ruwa, bayan an kwashe ƙazanta, a bar shi ya jiƙa minti 10. A kan turɓaya kuwa sai dai lokaci da rana. Ki tambaya, Hajiya, ko wani kwikwiyo ya taɓa mutuwa da gudawa a gidan a bana. Kuma har sai an yi mako 2 da allurar ƙarshe, kada a fita da shi layi, kada a bar baƙin karnuka su shigo, domin ko a tafin takalmi ana kwaso cutar.

Wanda zai yi allurar shi ma abin dubawa ne. Maganin rigakafi abu ne mai rai ko mai saurin lalacewa, wurin zamansa firji ne, tsakanin digiri 2 da 8, daga masana'anta har zuwa sirinji. Akwai masu yawo gida-gida a kan babur da kwalabe a aljihun jaka, babu kula babu ƙanƙara, da rana tsaka. Abin da suke tsirawa ruwa ne kawai, kuma ya fi rashin allura muni, domin yana sa mai gida ya saki jiki. Ko a shago, a ƙasar da muka san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ki tambaya yadda suke yi idan an ɗauke wuta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ofishin lafiyar dabbobi na gwamnati da ke Amakom bai yi muku nisa ba, akwai jami'an dabbobi a ƙaramar hukumarku ta Asokore Mampong, akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda muke kira Tek, ga kuma asibitoci masu zaman kansu. Duk inda kika je, ki ga an ciro kwalba daga sanyi a gabanki, a ɓamɓaro 'yar takardar jikinta mai lamba a manna a kati, a sa kwanan wata da hannu. Katin nan ki adana shi tare da katin awon jikokinki. Ranar da karenki ya ciji ɗan maƙwabci, shi ne zai yi magana a madadinki. Ba a yi wa dabba marar lafiya allurar rigakafi, kuma in ta wuni tana barci bayan allura ba komai ba ne, amma in fuska ta kumbura ko ta fara amai a cikin awa guda, a koma da ita nan take.

Batun tsutsar ciki ki ɗauka kawai kwikwiyon yana da ita, ko da ba ki gani a kashinsa ba. Macijin ciki na karnuka yana ratsa mahaifa ya shiga ɗa tun bai zo duniya ba, wata tsutsa mai ƙugiya kuma tana bin nono, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini har dasashi ya yi fari. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu da gashi a hargitse ba ƙoshi ya yi ba. Ana fara ba su magani tun suna mako 2, 'ya'yan kyanwa kuma mako 3, wato naki sun isa yau, a ba uwar ita ma a rana guda. A maimaita kowane mako 2 har su cika mako 12, sannan wata-wata har wata 6, bayan nan aƙalla kowane wata 3. A gida mai ƙananan yara irin naki ni na fi son a matso da shi kusa. A auna nauyin dabba kafin a ba ta, kada a yi kintace, kuma kada a ɗebo daga maganin tumaki. Abin da ya fi maganin ma sauƙi shi ne tsintsiya da shebur: ƙwan macijin ciki sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, don haka kashin da aka kwashe a ranar bai cuci kowa ba. Wanda aka bari ya bushe ya bi yashi shi ne yaro yake kaiwa baki, tsutsar ta ɓace hanya a jikinsa ta faɗa hanta, wani lokaci har ido. Mai ƙugiyar kuma ta tafin ƙafa take shiga, ta bar wani jan zane mai lanƙwasa da ƙaiƙayi kamar an ja zare a ƙarƙashin fata.

Kaska ita ce babbar matsalar tsohon karenki, ko da bai kwanta ba. Irin wadda ke kama karnuka a nan ba a daji take zaune ba, a tsagar bango da ƙarƙashin kwano da ɗakin kare take, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. Saboda haka wanda ya tsince kaskar jikin kare ya bar ta bango ya yi aikin banza. Cizonta yana sa cututtukan jini guda biyu da nake gani kusan kullum: kare ya rame, ya ƙi abinci, ya yi haɓo, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi mai kauri. Akwai magani na ɗigawa a ƙeya, akwai ƙwaya ta taunawa mai aiki wata 1 zuwa 3, akwai abin wuya. Likita zai zaɓa gwargwadon nauyi da shekaru, kuma yawancinsu ba a sa wa wanda bai kai mako 8 ba. A liƙe tsagogin bango da siminti, a wanke shimfiɗa. Ƙuma kuwa ta fi damun kyanwa, ita ce kuma ke kawo tsila, wadda za ki ga gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Ga 'ya'yan kyanwa ƙanana irin naki, mataji mai ƙananan haƙora da wanke shimfiɗa da ruwan zafi sun wadatar tukuna. Da damina kuma ki duba cikin kwikwiyo da tafin ƙafarsa. Akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai danshin fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta zauna, wurin ya tashi kamar maruru mai 'yar ƙofa a tsakiya. In aka toshe ƙofar da man kaɗe sai ta leƙo neman iska, a matse a hankali ta fito ɗungurungum. Ƙudan nan yana yin ƙwai a kan wanki mai danshi ma, shi ya sa kayan jarirai suke son guga.

Zan ɗan tsaya a kan magungunan da ake kashe dabba da su bisa kyakkyawar niyya, domin sun fi cututtuka da yawa kawo mini gawa. Maganin feshin gonar koko ko na kashe ƙwari ba abin wanka ba ne. Karen da aka wanke da shi yakan zo yana karkarwa, yawu na dalala. Baƙin man mota ba ya warkar da ƙazuwa, guba yake ƙara wa fata mai ciwo, alhali ƙazuwa tana jin magani sarai. Maganin kaska na kare mai sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwali yana kashe kyanwa, ko da jikin karen kawai ta goga. Farasitamol ƙwaya ɗaya ta babba ta isa ta kashe kyanwa, magungunan ciwon jiki na mutane kuma suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Maganin wanke ƙasa mai sa ruwa ya yi fari kamar madara shi ma kyanwa ba ta jure shi, tana taka shi ta lashe. In za a sa gubar ɓera, a sa inda dabba da yaro ba sa kaiwa, a kuma kwashe mushen da sassafe.

'Ya'yan kyanwa su zauna da uwarsu har mako 8 kafin a bayar da ko ɗaya. Allurarsu ita ma haɗi ce ta cuta uku: wata 'yar'uwar farbo mai karya garkuwar jiki, da mura iri biyu masu liƙe ido da kwantsa su sa gyambo a harshe. A yi a mako 8, da 12 tare da ta haukan kare, da 16, kuma dalilin maimaitawa shi ne wanda na faɗa game da dakashi. Uwar a yi mata nata haɗin bayan yaye. Ki lura da wurin da gashi ya zube ya yi da'ira a kunne ko fuska, makero ne, yana kuma kama yara. In akwai mai juna biyu a gidan ba sai an kori kyanwa ba, wani dai ya riƙa kwashe kashinta kullum, ita kuma ta wanke hannu bayan taɓa ƙasa da ɗanyen nama.

Abin da za ki yanke shawara a kansa da wuri shi ne haihuwa. Cikin kyanwa wata 2 ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukar wani tun tana shayarwa, 'ya'yanta mata kuma tun suna wata 4 ko 5 muzuru yake samunsu. In ba ki son gidan ya cika, ana yin aikin cire mahaifa bayan yaye, sau ɗaya ne an gama. Allurar hana haihuwa ta mata da wasu ke yi wa kyanwa da karya ba na goyon bayanta ko kaɗan, domin tana tara mugunya a mahaifa, tana kuma jawo ƙari a nono. Fiɗiye namijin kare yana rage masa yawon dare da faɗa, wanda ta nan ne ake kwaso cizon mahaukacin kare da wani ƙari mai zubar da jini a al'aura da ake ɗauka wajen barbara, kuma ba ya hana shi gadi. Hukuncin addini a kan wannan ki tambayi malaminki, ni ɓangaren likita na faɗa.

Shi tsohon kare, bayan ta haukan kare, a yi masa haɗin nan, a ƙara masa na biyu bayan mako 3 ko 4 saboda cutar fitsarin ɓera. Babban kare ba shi da garkuwar aro, don haka ba ya buƙatar dogon jeri. Kwikwiyo kuma a sake masa ƙari tsakanin wata 6 da shekara guda. Bayan haka ta haukan kare da ta fitsarin ɓera duk shekara ne, sauran suna riƙewa har shekara 3, ko da yake sau da yawa a kwalba ɗaya suke zuwa. A ziyarar shekara ki sa a duba haƙoransa da kunnuwansa, a shafa jikinsa ko akwai kumburi, in da hali a ɗebi jini. Daga shekara 7 kare ya fara manyanta, kuma idan kika ga yana shan ruwa fiye da da, yana fitsari da yawa, ƙoda ce ake zargi tun bai kwanta ba. In ɗaure yake wuni, a ba shi inuwa da ruwa mai tsabta. Kwikwiyon kuma kada a kulle shi a duhu ko a ba shi barkono wai don ya yi zafi. Wanda ya saba da hannun mutanen gida tun kafin ya cika wata 3 ya fi sanin baƙo, ya fi kuma sauƙin riƙewa ranar allura.

Abinci ba sai na kanti ba. Ragowar shinkafa da wake ko tuwo ko dokunu suna yi, muddin an haɗa da kifi ko nama ko ƙwai, an kuma ware nasu kafin a zuba shito da miya mai albasa, domin albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare da kyanwa. Ban da dafaffen ƙashin kaza, ban da cakulan da ɓawon koko, ban da kifi mai gishiri. Kwikwiyo sau 4 a rana har wata 3, sannan sau 3. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo zalla yana lalata mata ido da zuciya, madarar gwangwani kuma gudawa take sa ta.

Tunda kin ce kuɗi ba su da yawa, ga yadda zan jera in ni ne. Makon nan: ta haukan kare ga tsohon kare da uwar kyanwa, maganin tsutsa ga kowa, da allurar farko ta kwikwiyo bayan kwana biyu ko uku da shan maganin. Tasa ta gaba a mako 10, da 13 tare da ta haukan kare, da 16. In huɗun sun yi nauyi, a yi uku, a mako 8 da 12 da 16, amma ta 16 ba ta cikin abin da ake ragewa. Maganin kaska ya biyo baya, sannan alluran 'ya'yan kyanwa, wanda kuma duk kika ba ɗaya ki ba shi da katinsa ki faɗa masa ranar da ta rage. Aikin cire mahaifa shi ne zai iya jiran ƙarshen wata, in dai an hana uwar fita. Ranar zuwa, a ɗauko kwikwiyo a hannu ko a kwali, kada a sauke shi a ƙasan asibiti inda marasa lafiya suka taka. Kyanwa a sa ta a kwando mai murfi da tsumman da ta saba kwanciya a kai, ba a buhu ba, 'ya'yan kuma su zo tare da ita don a auna su. A ƙunso ɗan kashin kwikwiyo na safiyar ranar a leda, za mu duba shi a madubin likita mu ga irin tsutsar da ke ciki.